Kangayen Yutika

Ran Talata da asuba na bar gida a Barnawa, Hajiya na tsaye a bakin ƙofa tana ta jaddada mini saƙon da zan kai wa autanta. Watan Mayu ne na 2024, ruwan farko ya sauka a Kaduna amma zafi bai saki ba. Ƙanena ya gama digiri na biyu a wata jami'ar gwamnati da ke gefen wani gari a jihar New York. Mahaifinmu ya rasu, ƙafar Hajiya ba ta ɗaukar doguwar tafiya, shi ya sa aka ce ni zan wakilci gida. A jikin tikiti Utica aka rubuta, mutanen garin kuwa Yutika suke cewa. Kafin yaron nan ya tafi can, ban taɓa jin sunan ba.

Daga Rigasa na hau jirgin ƙasa zuwa Idu. Tun harin 28 ga Maris 2022 ba na shiga jirgin nan sai da addu'a a bakina, amma muka isa lafiya. Daga Abuja sai Istanbul, daga can sai filin jirgin Kennedy, inda na yi kusan awa biyu a layin shige da fice. Jami'in ya tambaye ni ina za ni, kwana nawa zan yi, wa zai ɗauki nauyina, sannan ya ce ko akwai nama a kayana. Ƙanena ya riga ya gargaɗe ni, don haka kilishin da Hajiya ta saya a gida na baro shi. Kuka, busasshiyar kuɓewa da yaji duk suka wuce bayan an buɗe an duba.

Na kwana ɗaya a unguwar Bronx wajen wani abokin ƙanena, Bahaushen zangon Kumasi mai tuƙa tasi. Matarsa ta yi mana tuwon shinkafa da miyar gyaɗa, muka raba dare muna hira, Hausarsa na tuna mini da ta fataken goro da nake ji ina yaro. Da safe ya kai ni tashar Penn. Tikitin jirgin ƙasa dala 62 ne, kuma a lokacin dala ta kusa Naira 1,500, ka ga kuɗin ya haura Naira 90,000 a tafiyar awa huɗu da rabi.

Rabin farko na hanyar kogin Hudson ne a hannun hagu, faɗinsa ya fi na kogin Kaduna a tsakiyar damina. Bayan Albany jirgin ya karkata yamma ya bi kwarin kogin Mohawk, a nan ne na daina jingina da kujera. Gari bayan gari, sai ga dogayen gine-ginen jan bulo, hawa huɗu, hawa biyar, tagogi a jere kamar haƙoran mataji, rabi a fashe, rabi an toshe da katako, ga doguwar bututun hayaƙi a tsaye ba hayaƙi. Aikina gini ne, shekara ashirin da ɗaya ina tsaye a kan birkiloli da kafintoci. Amma ba idon magini ne ya fara gane su ba. Mahaifinmu ya yi shekara goma sha tara a wata masaƙa a Kakuri, na san kamannin masaƙar da ta mutu tun daga nesa. Ban zaci zan ƙetare teku in tarar da Kakuri tana jirana ba.

Tashar Yutika kuwa sai ta ruɗa ni. A 1914 aka gina ta, zaure guda mai tsayi da ginshiƙan marmara, ga dogayen bencinan katako waɗanda aka bi cikinsu da bututun ɗumi saboda sanyin hunturu. Har shagon aski akwai a ciki. Wuri ne da aka yi wa dubban matafiya, amma mu da muka sauka ba mu kai ashirin ba, takun kowa sai amsa kuwwa yake. Ƙanena ya rungume ni yana cewa, "Yaya, sannu da hanya, ya Hajiya? Ya ƙafar tata?" Muna fita ya nuna mini wani tsohon kantin kayan gini a tsallaken titi, Doyle, wanda aka mayar gidajen haya. Ya ce, "Yaya, ku da kuke son gini, garin nan zai ishe ku kallo."

A gabashin gari yake zaune, a saman wani gidan katako mai hawa biyu, dala 850 a wata. Mai gidan na ƙasa, dattijo ne ɗan Bosniya, Musulmi, mai faɗin kafaɗa da hannun wanda ya saba da cebur. Bikin yaye ɗaliban aka yi shi lafiya, aka ɗauki hotuna, na kira Hajiya ta gani ta waya tana share hawaye. Sauran kwanakin na ba wa garin.

Babban titinsu Genesee ne. Ƙarfe goma na safe, ranar aiki, na tsaya a tsakiyarsa na ƙirga mutanen da nake hange a ƙafa: bakwai. Wanda ya saba da Ahmadu Bello Way, inda mai keke Napep da mai rake da mai canji ke rige-rigen taku ɗaya, shirun nan sai ya shige masa ƙashi. Gine-ginen kuwa na alfarma ne. Ga banki mai ƙubba ruwan zinariya, ga Otal Utica na 1912, wanda ya daina karɓar baƙi a 1972, ya zama gidan kula da tsofaffi, ya zauna a rufe, kafin a farfaɗo da shi a 2001. Ga gidan wasa na Stanley na 1928, wanda mutanen gari suka haɗa kai suka saya a 1974 don kada a rushe shi. Tsakanin waɗannan sai shago a rufe, sai bene mai hawa shida da ƙasansa kaɗai ke da fitila, sai fili fetal an malala kwalta ana ajiye motoci. Duk inda ka ga irin wannan filin, gini ne aka cire, kamar giɓi a baki. A bangon maƙwabcinsa kana iya ganin shatin inda rufinsa da matakalarsa suka taɓa jingina.

A jikin wasu kangayen na ga an manna allo ja mai kusurwa huɗu, da farin gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa. Na ɗauka alamar rusau ce, irin jan fentin da muka sani a Kaduna. Mai gidan ƙanena ya ce a'a, saƙo ne ga 'yan kwana-kwana. Idan layi ɗaya ne a karkace, a shiga da hattara. Idan biyu ne sun gitta juna, daɓen ko rufin ya ruɓe, in wuta ta tashi a kashe ta daga waje. Wato hukuma ta shiga kowane kango ta duba, ta rubuta, ta san wanne ne zai iya danne mutum. Wannan ya tsaya mini a rai. Kangaye nawa ne a garuruwanmu da yara ke wasa a ciki, almajirai ke kwana a ciki, babu wanda ya taɓa ɗaga kai ya dubi dakinsu?

Labarin yadda garin ya zube, a bakin dattijon na ji mafi yawansa, muna zaune a barandarsa muna shan gahawa mai ɗaci a ƙananan kofuna. Yutika ta tashi ne da mashigin ruwa na Erie, wanda aka kammala haƙawa a 1825. Yau an cike shi a cikin gari, titin Oriskany ne a kansa. Bayan ruwa sai masaƙu suka zo, garin ya yi suna wajen saƙa kayan ciki da rigunan sanyi. Bayan yaƙin duniya na biyu masu masaƙun suka kwashe injuna suka koma kudancin Amurka inda lebura ya fi araha. Kamfanonin lantarki irin su General Electric suka maye gurbi na wasu shekaru, su ma suka tafi. A 1995 aka rufe sansanin mayaƙan sama na Griffiss a garin Rome da ke kusa, dubban ayyuka suka bi shi. Garin da ke da mutum 100,410 a 1960, a 2000 ɗan sama da 60,000 suka rage. Gida ya zama ba mai saye, wasu masu gidajen suka riƙa cinna musu wuta don su karɓi kuɗin inshora. Ya ce har takarda ake mannawa a bayan mota mai cewa wanda ya fita ƙarshe ya kashe fitila.

Yana magana ina jin muryar mahaifinmu. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles (KTL) da ke Kakuri a 1957, ta tsaya a 2002, sauran ma suka bi ɗaya bayan ɗaya. Na tuna lokacin da jiniyar canjin aiki ke kaɗawa, kekuna su cika titin Kachia, masu abinci su yi layi a bakin get. Na kuma tuna ranar da Baba ya dawo da azahar ya jingina kekensa, bai ce wa kowa komai ba har magariba.

"Mu a cikin tokar nan muka sauka," in ji dattijon. Yaƙin Bosniya na 1992 zuwa 1995 ne ya koro su. Akwai wata cibiyar karɓar 'yan gudun hijira a garin tun farkon shekarun 1980, ta zaunar da mutum fiye da 16,000, 'yan Bosniya kaɗai wajen 4,500, bayansu ga 'yan ƙasar Bama (Myanmar), ga Somalawa, ga 'yan Sudan. Ya ce ya yi aikin dare a wata masana'anta, matarsa na aikin rana, suna haɗuwa a bakin ƙofa. Cikin shekara uku suka sayi gidan nan, lokacin rufinsa a ƙone yake. Ranar Asabar 'yan uwa da maƙwabta su taru a kansa, wani da guduma, wani da tsani, mata na gasa nama a bayan gida, wata Asabar kuma a koma gidan wani. Na ce masa, "Baba, ai mu gayya muke ce wa wannan." Sai da ya sa na maimaita masa kalmar sau uku. Idan ka bi layukan gabashin Yutika kana gane gidajensu: an lulluɓe katakon da filasta mai laushi kamar a ƙasarsu, ga shingen ƙarfe, ga rumfar inabi a tsakar gida. A ƙidayar 2020 garin ya koma 65,283.

Ranar Alhamis ya ɗauke ni a motarsa ta ɗaukar kaya zuwa wani gida da ɗansa ya saya daga hannun hukuma a unguwar Cornhill. Ya cire katakon ƙofa da kwaɓa, wani wari mai sanyi ya buso mu, warin jiƙaƙƙen filasta da kashin tattabaru. Silin ɗin falo ya zubo ƙasa gaba ɗaya. A kicin an farfasa bango an zare bututun jan ƙarfe, ɓarayi sun kai wa 'yan gwangwan. Ya haska tocila a ƙarƙashin matakala ya nuna mini wani bututu da ya tsage a tsaye, tsawon ɗan yatsa. Ya ce wannan ne ya kashe gidan. Idan aka bar gida ba ɗumi a hunturu, ruwan da ke cikin bututu ya daskare ya kumbura ya fasa shi, da bazara ya narke ya yi ta zuba cikin bango wata da watanni. Mu namu maƙiyan gara ne da ruwan sama da masu ɓalle kwano da dare. Nasu ƙanƙara ce. Na sa wuƙa a jikin babban katakon da ke ɗauke da bene, ta ƙi shiga. Itacen ya fi shekara ɗari, amma lafiyarsa ƙalau. Na ce masa gidan nan zai tashi. Ya yi murmushi ya ce shi ma abin da ya fara dubawa ke nan.

Da na kai hannu zan ɓantari fentin taga, sai ya riƙe ni. Tsohon fenti ne mai dalma, wanda Amurka ta hana sa wa gidaje a 1978. Ƙurarsa na shiga jinin yara ta taɓa ƙwaƙwalwa, kuma yaran talakawa da na baƙi su ne ke zaune a irin waɗannan gidajen. Wanda ya ji labarin yaran Zamfara na 2010 ba ya buƙatar a yi masa bayanin gubar dalma. Na wanke hannuna sau biyu kafin na ci abinci.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda gidan ya zo hannunsu. A can kowane gida ana biya masa haraji duk shekara, ko da mutum a ciki ko babu. In aka daina biya, bashi ya taru, hukuma ta karɓe, ta sayar da araha ga wanda ya nuna yana da kuɗin gyara kuma ya yi alƙawarin gamawa cikin wa'adi. Na san tsarin yana da kaifi, domin talakan da ciwo ya kwantar ma yana iya rasa gidansa ta wannan hanyar, kuma wannan bai yi mini daɗi ba. Amma kango ba ya samun damar zama shekara talatin yana jiran magada su shirya, ko mai shi yana Abuja yana jiran fili ya ƙara tsada. A layinmu kaɗai akwai irinsu uku, tun ina sakandare suke tsaye a linta.

Juma'a muka yi ta a masallacin 'yan Bosniya da ke titin Court, dab da ofishin magajin gari. Da cocin Methodist ne, masu ibada suka ragu, aka rufe, ginin ya faɗa hannun hukuma yana zubewa. Rushe shi kaɗai zai ci kuɗi masu yawa, sai a 2008 aka sayar wa ƙungiyar Musulmin Bosniya a kan dala 1,000. Suka shiga da hannuwansu. Yanzu an shafe jan bulon da filasta mai haske, hasumiyar ƙararrawa ta zama ta masallaci. A ciki kana ganin tsayin rufin da siffar tagogin ka san asalinsa. A sahuna, dama da ni wani Basomale ne, hagu wani saurayi ɗan Bama, gabana tsofaffi farare da 'yan hulunansu. Ni da na tashi a Kaduna, na ga shekarar 2000 da idona, na san abin da kalmar coci da masallaci ke iya jawowa in aka haɗa su a jimla ɗaya. Bayan sallama na daɗe a zaune ban tashi ba. Dattijon ya ce wasu daga cikin tsofaffin masu zuwa cocin sun zo sun gani, sun ji daɗi da ginin bai tafi ba.

Tafiyar minti kaɗan daga nan sai ga wata hanyar raya gari dabam. Asibitin Wynn, hawa goma, gado 373, an buɗe shi ran 29 ga Oktoba 2023. Gwamnatin jiha ta sa dala miliyan 300, gidauniyar iyalin attajiri Steve Wynn, wanda ya tashi a garin, ta ba da miliyan 50. Kafin a gina shi sai da aka share kusan eka 25 na tsohuwar unguwar kasuwanci wajen titunan Columbia da Lafayette. Wasu gine-ginen kangaye ne, wasu kuwa da masu sana'a a ciki. An yi shekaru ana jayayya, an kafa ƙungiyar masu adawa, an je kotu, inda aka ƙi sayarwa hukuma ta yi amfani da dokar karɓar fili don amfanin jama'a ta biya diyya. Na zagaya shi a ƙafa. Aiki ne mai kyau, ba zan ɓoye ba, kuma dubban ma'aikata na shigowa tsakiyar gari kullum saboda shi. Sai dai na lura yawancinsu daga mota suke shiga, daga ciki su koma mota. Kuma tsofaffin asibitoci biyu da ya maye gurbinsu, St. Elizabeth da St. Luke's, a lokacin da na je ana ta shawarar abin da za a yi da manyan gine-ginensu. Na tuna Kasuwar Barci da aka rushe a 2020 don a sake gina ta, da telolin da na sani waɗanda suka watse cikin unguwanni da kekunansu. Mai zane a ofis yana ganin fili. Wanda ke buɗe shago kullum ya san wa ke ba shi bashin zare, wa ke tsare masa kaya in ya tafi salla, kuma ba a biyan diyyar wannan.

Akwai ta uku, ita ce ta fi kwanta mini. A yammacin gari akwai tsohuwar masaƙar ulu ta Globe, jan bulo mai kauri, an mayar da ita gidajen haya fiye da ɗari. Ba su taɓa bangon waje ba. Sun bar manyan tagogin da aka yi don masaƙa su ga zare, suka yanka ɗakuna a ciki. Gwamnatin tarayya na yafe wa mai gyara ginin tarihi haraji daidai da kashi 20 cikin ɗari na kuɗin gyaran, jihar New York ma ta ƙara nata, shi ya sa lissafin ke fita. A 2019 kuma jiha ta ba garin dala miliyan 10 don ayyukan tsakiyar gari. Na tsaya a bakin titi da yamma ina kallon labule a tagogin masaƙa, wata mata na shayar da fure a hawa na uku, yaro na ɗaure kekensa a ƙasa. Ƙanena ya taɓa ni ya ce, "Yaya, lafiya?" Na ce masa Baba nake tunawa.

Abinci bai ba ni wahala ba. A shagunan 'yan Bosniya akwai naman halal, da wani curin niƙaƙƙen nama gasasshe da ake sawa cikin burodi mai laushi da ɗanyar albasa, dala 13, ya kusa tsire a daɗi in ka barbaɗa yajin gida. Akwai burodin tumatir na Italiyawan garin da ake ci da sanyinsa. Ganyen da suke alfahari da shi kuwa na bar musu, domin da naman alade ake haɗa shi. Duk wanda zai je ya tambaya kafin ya sa hannu.

Ranar da zan taho dattijon ya ba ni kwalbar zuma da wani tsohon bulo guda daga gidan Cornhill. Bulon na bar wa ƙanena saboda nauyin kaya, zumar na kawo wa Hajiya.

Kwana huɗu da dawowata na ɗauki mota na nufi Kakuri. Na tsaya a get ɗin da Baba ke shiga. Ciyawa ta kai ƙugu, an kwashe kwanon ɓangare guda, awaki na kwance a inda ake ajiye kekuna. Maigadin, wani dattijo, ya taso yana tambayar wa nake nema. Na gaishe shi, na gaya masa sunan mahaifina da sashen da ya yi aiki. Ya yi shiru, sannan ya ce ya san shi, ya yi masa addu'a. Na ce, "Baba, ko za ku bar ni in duba ginshiƙan nan?" Ya ɗauko sandarsa saboda macizai, ya wuce gaba, na bi shi da tef ɗina a hannu.